Ku Tambaya Mu Amsa: Sitiyarin jirgin ruwa yana girgiɗi, ta ina ake fara nema?

TAMBAYA, daga wani mai karatu a Legas

Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Ni mutumin Daura ne amma a Legas nake zaune, asali gadi nake yi wa wani bawan Allah a Ikoyi, toh yana da wani jirgin ruwa na faiba irin mai tafiya da iska, tsawonsa kamar ƙafa 32, na hannu ya saya kuma ya kwana biyu, sannu a hankali dai ni na koma mai kula da shi, wanki da ɗaure igiyoyi da komai, har yanzu nakan ɗan taɓa tuƙi in mun fita ta wajen Tarkwa Bay. Matsalar ita ce kwanan nan in na juya sitiyarin sai ya yi tafiyar kusan tafin hannu a banza kafin jirgin ya amsa, kuma in muna tsaye igiyar ruwa ta ɗan kaɗa mu sai ka ji ƙwas ƙwas daga ƙasan baya. Wani bakanike da ke gyara injin jirage a wurin ya ce boris ne kawai a yi oda daga waje, wani kuma ya ce a ɗaure wayoyin tamau shi kenan. Maigida ya ce in bincika in gaya masa, ni kuma bana so in sa shi kashe kuɗi a banza, kuma wallahi ina tsoron ranar da sitiyari zai ƙi amsawa muna tsakiyar hanyar manyan jiragen Apapa. Dan Allah a taimaka.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara rufa asiri. Tsoron nan naka yana kan hanya, don mashigar Legas ba wurin wasa ba ne, ruwa na ja da ƙarfi in yana shiga ko yana fita, ga jiragen kwantena da ba sa iya kauce wa kowa. Amma kar ka yarda a sayi komai ko a ɗaure komai tukuna. Duk su biyun da suka ba ka shawara suna iya yin daidai, suna kuma iya yin kuskure su duka, tunda ba wanda a cikinsu ya shiga ƙasan jirgin da tocila ya duba. Daga hannunka zuwa allon da ke cikin ruwa akwai mahaɗa wajen biyar ko shida, kowacce in ta sake abu ɗaya za ka ji a hannu, amma kuɗin gyaransu da haɗarinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Bari in fara gaya maka yadda abin yake a jere don ka san me kake kallo. A cikin ginshiƙin da sitiyari ke kai akwai haƙori da guntuwar sarƙa, bakin sarƙar biyu an ɗaura musu wayar ƙarfe, wayoyin su sauka ƙasa su bi ta kan fuli, wato ƴan ƙananan tayoyi masu tsagi, su je su naɗe wani ƙarfe mai siffar rubu'in da'ira da ake kira kwadiran. Shi kwadiran ɗin an ɗaure shi a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ta huda cikin jirgin ta cikin wani bututu ta fita ƙasa, shaf ɗin yana juyawa ne a cikin bushin ko boris guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan can cikin ruwa shi shaf ɗin ya shige cikin allon sitiyari, shi ne faffaɗan abin da ke tare ruwa ya juya jirgi. Wasu jiragen allon a rataye yake kawai a jikin shaf ba abin da ya tallafe shi daga ƙasa, wasu kuma akwai wani ƙashi da ya sauko daga jikin jirgin a gabansa, da takalmin tagulla a can ƙasa da ya riƙe ƙarshen shaf ɗin. Ka duba ka san wanne ne naku.

Aikin na mutum biyu ne. Ka samu yaro ɗaya ya tsaya a sitiyari, kai kuma ka buɗe akwatin baya ka kwashe tarkacen da ke ciki ka kwanta da tocila da alƙalamin maka na jan layi. Ka ce masa ya riƙa motsa sitiyarin hagu da dama kaɗan kaɗan, iya wannan tafiyar banzar kawai, kar ya wuce. Kai kuma idonka na kan kwadiran. In sitiyari na motsi a sama kwadiran na tsaye cik, toh matsalar tana tsakanin sitiyari da kwadiran, wato sarƙa ko waya ko fuli, kuma ka yi sa'a don wannan ita ce mai arha. Za ka ga waya ɗaya ta miƙe ɗayar ta yi laƙwas tana lilo. Waya tana miƙewa da tsufa dama. A jikin kwadiran akwai notina biyu masu ido inda wayoyin suka ƙare, nan ake ɗaurewa, ka kwance notin kulle ka ƙara wa kowane ɓangare daidai wa daida, in ka ɗaure gefe ɗaya kawai sitiyarin zai karkace daga tsakiya. Kuma kar a ɗaure tamau ɗin nan da mutumin ya ce, in ta yi tsauri da yawa sitiyari zai yi nauyi, fuli su cinye, har gindin fulin ya iya tsigewa daga inda aka kafa shi. Iya dai lilon ya tafi, sitiyari kuma ya ci gaba da juyawa ba nauyi. Kafin ka ɗaure ma, ka ɗauki tsumma ka bi wayar da shi daga farko har ƙarshe, da tsumma na ce ba da hannu ba, in ya maƙale a wani wuri toh silin waya ya tsinke a nan, kuma wayar da sili ɗaya ya tsinke ta gama aiki, sauran na hanya. A canza ta da irin mai laushi da ake kira 7x19, ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka girgiza kowane fuli da hannu ka ji ko yana rawa a kan fil ɗinsa. Sarƙar kuma a buɗe saman ginshiƙin a duba ta, a ɗiga mata man inji kaɗan, mutane na mantawa da ita shekara da shekaru saboda kamfas na zaune a kanta.

In kuwa kwadiran na motsi tare da sitiyari, sai ka ja layi da maka daga jikin kwadiran ya hau kan shaf, layi ɗaya miƙaƙƙe. Yaron ya sake motsawa, wannan karon da ɗan ƙarfi. In layin ya rabu biyu ko da kaurin farce ne, kwadiran na zamewa a kan shaf kenan. Yawanci akwai ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake kira ki, yana zaune a cikin tsagi rabi a shaf rabi a kwadiran, wasu kuma noti ne ya huda su duka biyun. Ki yana cinyewa, tsagin yana faɗi, ramin noti yana komawa kamar ƙwai maimakon zagaye. Ɗaure notinan kwadiran zai ɓoye abin na sati biyu ne kawai. A cire a yanka sabon ki da zai shiga da ɗan bugu, in ramin noti ne ya buɗe a ƙara masa faɗi a sa noti mafi kauri wanda ya cika shi. Kuma in kwadiran ɗin na alminiyam ne a kan shaf na ƙarfe za ka ga farin gari kamar toka a tsakaninsu, a kankare shi a shafa man raba ƙarfe kafin a mayar.

Sai mu zo kan ƙwas ƙwas ɗin da kake ji. Kana nan kwance, ka ɗora tafin hannunka a kan shaf inda ya fito daga bututu, ka jira wani kwale-kwale mai inji ya wuce ya tayar da ruwa. In ka ji shaf ɗin yana bugun gefe da gefe a hannunka, bushin ya cinye, bakaniken farko ya canka. Amma ka lura, bushin da ya cinye yana kawo ƙara da rawa, ba kasafai yake kawo tafiyar tafin hannu a sitiyari ba, don haka inaga matsala biyu gare ku ba ɗaya ba. Kuma bushin shi ne mai yawan surutu amma ba shi ne mai kisa ba, jirgi na iya shekara yana ƙwas ƙwas bai rasa tuƙi ba, sai dai in an bar shi yana cin jikin shaf yana kuma lalata robar da ke hana ruwa shigowa.

Sauran binciken sai an fitar da jirgin. A Legas bambancin cikar ruwa da janyewarsa bai fi mita ɗaya ba, ba zai ishe ka ka jingina jirgi mai dogon ƙashin tsakiya a ƙasansa ya bushe ba kamar yadda suke yi a Ingila, dole sai kirin, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, ko wurin jan jirgi. Ka gaya wa maigida ya haɗa da lokacin fentin ƙasa don a biya kuɗin ɗagawa sau ɗaya. Da an ɗaga, ka kama ƙasan allon da hannu biyu ka girgiza shi gefe da gefe, sannan gaba da baya, sannan ka sa kafaɗa ka ɗaga shi sama. Ka tuna allon dogo ne, milimita ɗaya a wurin bushin tana iya zama uku ko huɗu a can ƙarshensa, saboda haka kar ka tsorata da abin da ka gani a ƙasa, ka sa ido a daidai inda shaf ya shiga jikin jirgi, nan ne gaskiyar take. In motsin sama da ƙasa ne, wannan zoben da ke riƙe nauyi ne a sama ko washa ta cinye, ƙaramin aiki ne. In akwai takalmin tagulla a ƙasa ka duba ko shaf ne ke rawa a cikinsa ko kuwa shi takalmin ne gaba ɗaya ke rawa a jikin ƙashi, don notinansa na iya ruɓewa daga ciki kansu na nan lafiya ƙalau.

Toh ga wanda nake so ka fi ba wa hankali. Ka sa a kulle sitiyari, ba da birkinsa kawai ba, a samu katako a tokare kwadiran ta yadda shaf ba zai motsa ko kaɗan ba, mutum ɗaya ya zauna yana kallon layin makan nan. Kai kuma a ƙasa ka kama bayan allon ka murɗa shi hagu da dama da iya ƙarfinka. In allon ya juya alhali shaf na tsaye, magana ta ƙare, jirgin nan ba zai koma ruwa ba sai an gyara, ko da maigida ya gayyato baƙi ranar Asabar. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin allon an yi wa shaf waldar wasu ƴan ƙarafa kamar yatsu da suka miƙe baya, aka cika da soso mai tauri, aka rufe da faiba. Ƙarfe da faiba ba sa buɗewa da tsukewa daidai in zafi ya canza, a hankali ƴar kafa ta buɗe a inda shaf ya shiga allon, ruwan gishiri ya sulala ciki ya kwanta. Shi kuma ƙarfen da muke cewa ba ya tsatsa, iska ce ke kare shi, in ya zauna a ruwan da ba ya motsi ba iska sai ya fara cinyewa, kuma a bakin walda yake farawa. Ranar da waldar ta saki sai ya zama kamar fartanyar da ruwanta ya sake a ƙota, kana juya ƙotar ruwan na kallon inda ya ga dama. Kuma wannan ba ya ƙara, ba ya ba da sanarwa, daga waje allon fes yake da fentinsa.

Alamunsa kafin ya kai ga haka: tsatsa mai ruwan shayi na gangarowa daga saman allon, ko tsagewa a bakin inda ɓari biyun faiban suka haɗu, ko a ga kwana uku da ɗaga jirgi ko'ina ya bushe amma ƙasan allon na ɗiga. Ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba ko'ina, inda yake lafiya zai yi ƙara tsaf, inda faiba ta rabu da soso zai yi bif. In kana shakka ka huda ɗan rami na milimita 5 ko 6 a can ƙarshen ƙasa ka tara kofi. Ruwa fari kaɗan, akwai shi a tsofaffin jirage da yawa, a bar shi ya tsane a toshe da gam ɗin ifoksi a riƙa sa ido. Ruwa ja ko baƙi mai wari, ƙarfe na ruɓewa a ciki. Gyaransa a sauke allon, a yanke fatar gefe ɗaya, a ƙwaƙule jiƙaƙƙen soson, a duba shaf ɗin da kyau musamman daidai wuyan, in yana da ramuka masu zurfi a canza shi gaba ɗaya, in lafiya yake a sake waldar yatsun da sandar walda ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L, a cika a rufe. Mai waldar ƙofa da taga ba nasa ba ne wannan, a nemi wanda ke yi wa kamfanonin abinci ko na mai aikin bututu.

Kan maganar odar boris, a fara saukewa a gani. Jirage irin naku masu shekaru yawanci ba boris mai ƙwallaye ba ne a ciki, bushin roba ne mai tauri, kuma duk mai injin fiƙe ƙarfe da ya iya awo zai yanka maka shi a Legas in ka kai masa shaf ɗin da tsohon bushin. Abin da za ka tsaya a kai shi ne irin robar. Ka ce Delrin kake so, wasu na ce mata asetal. Kar a yanka maka da nailan ko da an ce ta fi arha kuma kamarsu ɗaya a ido, don nailan tana shan ruwa ta kumbura, ranar da aka sa za ka ji sitiyari sumul, bayan wata biyu a ruwa ya cije sai da hannu biyu. Delrin abin da take sha bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A bar ɗan sarari ƙasa da rabin milimita, kuma a auna shaf ɗin a wurare da yawa don in ya cinye ya zama ba zagaye ba sabon bushin ba zai zauna ba sai an gyara shi. In kuwa kun buɗe kun tarar da boris mai ƴan sanduna irin na kamfanin Jefa na ƙasar Denmak, wannan kam sai oda, ka ɗauki hoton lambar jikinsa. Wasu jiragen ma ba bushin sam, shaf ne kawai a cikin bututun faiba, nan dabarar ita ce a goge shaf a shafe shi da kakin hana mannewa sosai, a mayar da shi a saita tsakiya, a ɗura ifoksi da aka kwaɓa da garin girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, ta ƴan ramuka a jikin bututun, in ya fara kamawa a riƙa juya shaf ɗin. Yana aiki, amma in kakin bai isa ba kun manne sitiyari da jirgi har abada, don haka ba aikin gwaji ba ne.

Wajen saukewa a ɗaure allon da igiya tukuna, wanda ya sha ruwa yana da nauyin da zai karya ƙafar mutum, kuma shaf ɗin dogo ne, ko kirin ya ɗaga jirgin sama sosai ko a haƙa rami a ƙasa. Notin da za ka saya ka duba kansa, a cikin ƙarfen da ba ya tsatsa A4 shi ne 316 na ruwan gishiri, A2 shi ne 304 da bai kai shi jure gishiri ba, kuma maganaɗisu ba zai bambance maka su ba duk abin da mai shago zai ce.

Akwai sandar tuƙi ta ko-ta-kwana a jirgin, wadda ake sakawa kai tsaye a kan shaf in waya ta tsinke, ka nemo ta yau ka gwada, sau da yawa murfin wurin ya cije ko ita kanta tana can ƙarƙashin kaya ta yi tsatsa. Amma ka san iyakarta, tana maganin sarƙa da waya da kwadiran ne kawai, in allon ne ya rabu da shaf ba ta da amfani. A gasar tseren jiragen iska ta Fastnet ta watan Agustan 1979 tsakanin Ingila da Ayalan, jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su, matuƙa 15 suka rasu, kuma cikin jiragen da suka kasa ƙarasawa da yawa allon sitiyarinsu ne ya karye, tun daga nan masu harkar suka ƙara tsananta duba wannan wurin.

TAMBAYA, daga wani mai karatu a Port Sudan

Salam Malam. Mu Hausawan nan ne, kakanninmu suka zo hanyar Makka suka zauna. Ni da ƙanena muna da jirgin katako na kamun kifi, akwai ƙyallen iska akwai ƙaramin inji, muna fita ta wajen Suwakin. Namu ba sitiyari ba ne, sanda ce, allon kuma a rataye yake a baya da hinji biyu na ƙarfe. Yanzu yana kaɗawa sosai har sandar na karkarwa a hannu in muna gudu, mun ɗaure notin ya ƙi ɗauruwa juyawa kawai yake. Mu naɗa masa roba ko tsumma a fil ɗin ya isa?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen Bahar Maliya. Naku ya fi na Legas sauƙi don komai a fili yake, ba abin da ke ɓoye cikin faiba. Roba ko guntun tiyo a kan fil zai kai ku gida in kuna cikin teku, ban hana ba, amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne notin da ke juyawa ya ƙi ɗauruwa. Wannan ba ƙarfe ba ne ya cinye, katakon da ke riƙe da shi ne ya mutu. Tsatsar ƙarfe tana ruɓar da katakon da ke kewaye da ita, ya yi baƙi ya yi laushi, ga kuma tsutsar ruwan nan mai huda katako da ke son ruwan ɗumi irin naku. Ka ciro notin ka soka tsinken ƙarfe a ramin, in ya shige kamar cikin burodi toh ka gani.

Ku cire allon ku kai tudu. Kowane rami da ya ruɓe a huda shi da faɗi har sai an kai katako mai rai mai haske, a bar shi ya bushe, wannan kam rana ba ta yi muku rowa ba, a fiƙe turun katako mai tauri a shafa ifoksi a buga a ciki, in ya kama a sake huda sabon rami daidai kaurin noti. Kuma noti ya huda ya fita ta ciki a sa masa faffaɗan ƙarfe ko babbar washa a baya, kar a dogara da sukuru mai cin katako kawai. In ruɓar ta bi tsawon katakon bayan jirgin, wannan aikin masassaƙin jirgi ne, a canza guntun.

Shi kuma hinjin, ka duba fil ɗin, za ka ga ya sirance a tsakiya inda yake gogayya, ramin kuma ya yi tsawo ta gefe ɗaya. Ko a canza fil da mafi kauri a gyara ramin ya koma zagaye, ko a buga ɗan bushin a ciki. Lokacin mayarwa ka zura sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ta ratsa ramukan hinjin biyu a tare kafin ka ɗaure, in ba su kalli juna ba allon zai cije a gefe ɗaya ya kuma sake cinye sabon fil ɗin cikin ƴan watanni. Kar ku gauraya ƙarafa, hinjin baƙin ƙarfe mai rufin tutiya da notin tagulla ko na sitenles, a ruwan gishiri ɗaya zai cinye ɗaya, kuma ruwanku ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita inda na babban teku yake wajen 35. In tagulla za ku sa a tabbata ta jirgi ce, irin rawayan ƙarfen famfo tutiyar cikinsa na zubewa ya koma ja-ja ya riƙa gutsurewa.

Ka duba kan sandar ma inda ta shiga saman allon, sau da yawa rabin karkarwar daga nan take, ƴar weji ta katako tana maganinta. Sannan a sa wani abu da zai hana allon tsalle ya fita daga hinji in igiyar ruwa ta ɗago shi daga baya, ko fil mai tsaga a ƙasan fil ɗin hinjin sama, ko ɗan katako da aka kafa a samansa, da igiya ƴar ƙarama da ta ɗaure allon da jirgi. A wajenku ruwa kusan ba ya janyewa balle ku jira ya sauka, amma irin wannan allon mutum biyu na iya zare shi jirgin na kan ruwa a wuri mara zurfi.

TAMBAYA, daga wani mai karatu a Sifen

Malam barka da aiki. Ni ɗan zangon Kumasi ne, ina aikin wanke jirage da fenti a wata tashar ƙananan jirage kusa da Kadis. An jawo wani jirgi da manyan dabbobin tekun nan orka suka yi wa duka a baya, allon bai karye ba, ɗan gutsurewa kawai a ƙasa, mai shi ya ce in cike wurin da faiba in yi fenti zai wuce. Amma na lura in an juya dama yana tafiya sumul har da ɗan rawa, in an juya hagu sai ya cije. In yi abin da ya ce?

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa. Idonka ya yi aiki. Tun shekarar 2020 orkan wannan yankin, daga mashigar Jibraltar har gaɓar Fotugal da arewacin Sifen, suke bin jiragen iska suna tunkuɗar allon sitiyari, kuma wasu jiragen sun nutse, bayan ruwa ya shiga ta wajen da shaf ya huda jirgi. Dabba ce mai nauyin tan da yawa, in ta bangaji allo ƙarfin duk a wuyan shaf da bututu yake sauka.

Sumul a gefe ɗaya cijewa a ɗaya gefen, alamar shaf ya lanƙwashe ne, ko gidan boris ya goce daga mazauninsa. Ka tsaya a bayan jirgin daga nesa ka saita idonka da ƙashin tsakiya ka ga ko allon ya karkata, sannan ka duba tazarar da ke tsakanin saman allon da cikin jirgi ana juyawa, in tana tsukewa a gefe ɗaya ko ka ga inda ya kankare fenti, ka samu amsa. Ka shiga ciki da tocila ka share gindin bututun tas, ka nemi tsagewa ko farin layi a faiba, da wuraren da aka manne katakan da ke tallafe bututun, da abin da ke tsayar da kwadiran in ya kai ƙarshe, da hannun na'urar tuƙi da kanta in akwai, don bugun yana bi ta nan duka. Ka yi gwajin da na gaya wa mutumin Legas na tokare shaf a murɗa allon.

Cike gutsuren aikinka ne ka yi, amma ka gaya wa mai gidan aikinku abin da ka gani kafin a mayar da jirgin ruwa, ka ɗauki bidiyon cijewar a wayarka, shi ya yi magana da mai jirgin, irin wannan ma kamfanin inshora kan turo mai dubawa kuma ba sa son a taɓa kafin ya zo. Kuma in wani ya kawo shawarar a gasa shaf ɗin da wuta a miƙe shi yana cikin allon, kar ka sa hannu, zafin zai ƙona soso da faiban da ke kewaye da wuyan, ƙarfen kuma ya riga ya raunana a daidai inda ya fi ɗaukar nauyi. A sauke shi a ɗora a kan teburin awo, in ya lanƙwashe a yi sabo.